Yadda Za Ka Tantance Taswirar Jirgin Ƙasa Mai Gudu Ta Arewacin Kanada Kafin Ka Tura Wa Wani

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wata irin taswira da take yawan faɗowa a wayoyinmu, na tabbata wasunku sun taɓa cin karo da ita. Taswirar ƙasar Kanada ce an zazzana mata layuka kala-kala, ja da kore da shuɗi, kamar dai taswirar jiragen cikin birni, sai ka ga layi ya taso daga Toronto ko Montreal ya miƙe sambal har can ƙuryar arewa inda ƙanƙara ta rufe komai, an ɗiɗɗiga tashoshi a Iqaluit da Resolute da Grise Fiord, wani ma har Alert yake kaiwa, a gefe kuma an rubuta wai jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa. Mutum ya gani ya ce kai Turawa sun gama da duniya, ya tura gaba. Wani kuma ba layin ne ya ɗau hankalinsa ba, sunayen garuruwan ne, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana karanto su ɗaya bayan ɗaya.

Ni mai son taswira ne sosai, zan iya raba dare ina jan allon waya ina leƙa garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, shi ya sa abin yake ɗan taɓa min rai. Ba laifi ba ne mutum ya zauna ya zana burinsa, zanen ma yana da kyau wallahi. Amma waɗannan ɗigo-ɗigon da ake haɗawa da layi garuruwa ne na gaske, da mutane a ciki, da matsalolinsu na gaske, kuma sunayen da ake yi wa dariya da yawansu bayani ne a kan ƙasar wajen wanda da mai zanen ya tsaya ya karanta da bai ja layin ta nan ba. To bari in nuna maka yadda ni nake bi in tantance, ba ka buƙatar zama injiniya, waya da ɗan haƙuri sun isa.

Ka fara riƙe wannan tukun: har yanzu da nake rubutun nan Kanada ba ta da layin jirgi mai gudun gaske ko ɗaya da yake aiki, ita kaɗai ce ma a ƙasashen G7, wato ƙungiyar ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, da ba ta da shi. Wanda ake shirin yi shi ne Alto, da firaministan ƙasar na lokacin Justin Trudeau ya sanar a watan Fabrairun 2025, daga Toronto zuwa birnin Quebec, wajen kilomita 1,000, ya bi ta Ottawa da Montreal, kuma dalar Kanada biliyan 3.9 da aka ware na tsare-tsare ne da zane kawai, ba a kai ga shimfiɗa ƙarfe ba. Wannan fa a kudu ne, a zirin da kusan rabin mutanen ƙasar suke zaune. Saboda haka duk taswirar da ta nuna maka layi mai gudu a arewa, ka san daga kan mai zane ta fito.

Sai ka auna nisa, amma don Allah kada ka auna da ido. Taswirar da take a shimfiɗe a wayarka yawanci tsarin Mercator ne, na wani masani da ya fitar da shi a 1569 don matuƙa jiragen ruwa, kuma halinsa shi ne yana kumbura duk abin da ya yi nesa da tsakiyar duniya. A digiri 60 arewa yana ninka tsawo sau biyu, a digiri 80 kusan sau shida, shi ya sa kake ganin Greenland kamar ta kai Afirka alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Wato idonka zai ruɗe ka ta kowane ɓangare. Buɗe Google Maps, danna ka riƙe a kan gari na farko har alama ta fito, ka zaɓi wajen auna nisa, ka ja zuwa gari na biyu. In kana da Google Earth ya fi, don shi duniyar a dunƙule yake nuna ta.

Gwada da Ottawa zuwa Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut. Za ka samu wajen kilomita 2,100 a miƙe. Raba da 300, awa bakwai kenan, ba tsayawa ba kwana ba rage gudu, alhali jirgin sama yana yin ta a wajen awa uku. Jirgin ƙasa mai gudu inda yake cin kasuwa shi ne tsakanin manyan birane biyu da tafiyar ba ta wuce awa biyu zuwa huɗu ba, kamar Tokyo da Osaka da aka buɗe a 1964 mai kilomita 515, ko Paris da Lyon na 1981. Da nisa ya zarce haka jirgin sama ya karɓe fasinja.

Kuma wannan miƙaƙƙen layin ma ba zai yiwu ba, saboda ruwa. Nan ne nake so ka zuƙo taswirar sosai ka bi layin da yatsa a hankali ka ga sau nawa ya taka shuɗi. Iqaluit a kan tsibirin Baffin take, tsakaninta da arewacin Quebec akwai mashigin Hudson, wanda ko a inda ya fi tsukewa faɗinsa ya haura kilomita 60, ga zurfi ga igiyar ruwa mai ƙarfi ga ƙanƙara tana yawo a kai yawancin shekara. Kwatanta da hanyar ƙarƙashin teku da ta haɗa Ingila da Faransa a 1994, tsawonta duka kilomita 50 ne da ɗoriya, wanda yake ƙarƙashin ruwan wajen 38, kuma London da Paris ta haɗa. Ta Seikan a Japan kilomita 23 ne kacal a ƙarƙashin teku. In kuma layin ya ce zai kai Grise Fiord to sai ya sake tsallake mashigin Lancaster, ya ratsa tsibirin Devon wanda shi ne tsibiri mafi girma a duniya da ba kowa a kansa, ya sake tsallake mashigin Jones kafin ya taka tsibirin Ellesmere. A zane duka wannan ɗan jan layi ne da bai kai tsawon farce ba.

Daga nan ka ƙirga mutane, wannan shi ne gwajin da ya fi sauri kuma shi ya fi yanke magana. Kowane ɗigo da aka sa wa tasha, rubuta sunansa ka nemi yawan jama'arsa a ƙidayar 2021. Nunavut gaba ɗayanta, ƙasa mai faɗin wajen murabba'in kilomita miliyan 2, mutanenta ba su cika dubu 37 ba a ƙidayar, a garuruwa 25, kuma babu ɗaya da titi ya haɗa shi da wani ko da kudancin ƙasar. Iqaluit dubu bakwai da 'yan ɗaruruwa. Grise Fiord mutum 144. Alert kuwa ba gari ba ne irin wanda ake haihuwa a girma a ciki, sansanin soja ne da masu binciken yanayi da suke zuwa aiki su koma, kilomita 817 daga ƙarshen duniya ta arewa. Yanzu ɗauki jirgi ɗaya mai tarago 16 na layin Tokyo da Osaka, yana ɗaukar mutum 1,300 da 'yan kai, ka ga jirage talatin sun kwashe Nunavut kaf har jarirai, shi kuma wancan layin kafin korona yana ɗaukar sama da mutum dubu 400 a rana ɗaya. Wa zai cika kujerun gobe da jibi?

Na tuna ranar da na fara zuƙo Grise Fiord a hoton tauraron ɗan'adam. Gidaje ne 'yan kaɗan a jere a bakin ruwa, bayansu dutse ya tashi tsaye, ga tankunan mai, ga ɗan titin jirgin sama na tsakuwa wajen mita 500 wanda sai ƙaramin jirgi mai farfela ne yake iya sauka. Na daɗe ina kallon wajen, ina tunanin yaran da suke zuwa makaranta a cikin duhun da yake ɗaukar sama da wata uku rana ba ta leƙo ba. Tun daga ranar na daina kallon ɗigon taswira a matsayin ɗigo.

To yanzu ƙasar da za a ɗora ƙarfen a kai, nan ne maganar take da yawa. Mafi yawan arewacin Kanada daskararriyar ƙasa ce, wato ƙasar da cikinta yake a daskare shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa da bazara ya sake daskarewa da hunturu. In ka tona ta ko ka ɗora mata abin da yake riƙe zafi, ƙanƙarar cikinta ta narke, wajen ya lotsa, wani wajen kuma ya kumburo. Jirgi mai gudun 300 kuwa layinsa ba ya son ko 'yar karkata, da milimita ake auna shi, kuma kwanarsa sai an buɗa ta kilomitoci, ba zai iya kewaye kowane tafki da kowane taɓo ba, ga yankin kuma tafkuna ne birjik.

In kana son ganin yadda abin yake a zahiri, nemi labarin layin Churchill a lardin Manitoba. Layin ya isa garin a 1929, kuma har yau babu titin mota da ya kai can, jirgin ƙasa ne ko na sama. Daga Winnipeg wajen kilomita 1,700 ne, jirgin fasinja yana cin kusan kwana biyu, in ka raba za ka ga bai cika kilomita 40 a awa ba, don a wurare da dama dole direba ya lallaɓa saboda ƙasar tana motsi. A watan Mayun 2017 ambaliya ta wanke sassan layin, a hotuna za ka ga ƙarafunan dogo da katakansu suna reto a iska ruwa ya kwashe cikon da yake ƙarƙashinsu. Wajen wata 18 garin mai mutane ƙasa da dubu ɗaya yana yanke, abinci sai ta jirgin sama, farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai ƙarshen 2018 jirgi ya dawo bayan layin ya koma hannun wata haɗaka da al'ummun yankin suke ciki. Wannan fa layi ne mai tafiyar hawainiya, riƙe shi kaɗai aiki ne ja.

Ba wai ba a iya gini a kan irin wannan ƙasa ba, ana yi. Chaina ta buɗe layin Golmud zuwa Lhasa a 2006, kilomita 1,142, wajen 550 a kan daskararriyar ƙasa. Sun kafa dogayen bututai a jere a gefen layin, rabi a binne rabi a sama, masu zuƙe zafin ƙasa su fitar da shi waje, a wasu wuraren kuma sun ɗaga layin a kan gada mai ginshiƙai duk da babu kogi a ƙasa, don kawai kada ya taɓa ƙasar. Da duk wannan ɗawainiya gudun jirgin a sassan nan wajen 100 ne a awa. A Kanada kanta, titin Inuvik zuwa Tuktoyaktuk da aka buɗe a Nuwamban 2017, kilomita 138 na tsakuwa ba kwalta, ya ci wajen dalar Kanada miliyan 300, sama da miliyan 2 kowace kilomita kenan, kuma da hunturu aka riƙa aikin ana jibga ciko a kan ƙasar ba tare da an yanke ta ba. Akwai kuma wanda aka yi da ƙarfin tsiya: layin Salekhard zuwa Igarka a Rasha, Stalin ya sa fursunoni suka yi ta ginawa daga 1947, mutane da yawa suka mutu a kai, yana rasuwa a 1953 aka watsar, yau ƙarafunan sun lanƙwashe kawunan jiragen suna tsatsa a daji.

Ka lura sanyi shi kaɗai ba shi ne cikas ba. Layin Harbin zuwa Dalian mai gudu da aka buɗe a Chaina a 2012 an tsara shi ya jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, kuma yana aiki, saboda a kan hanyarsa akwai birane masu miliyoyin mutane da wutar lantarki wadatacciya. Wutar ma ka tambaya. A Nunavut babu babban layin lantarki da ya haɗa garuruwa, kowane gari da janaretocinsa na dizal, man kuma jirgin ruwa ne yake kawo shi a ɗan lokacin da ƙanƙarar teku ta buɗe. Jirgin TGV, wato jirgin ƙasa mai gudu na Faransa, guda ɗaya ƙarfinsa ya kai kilowat 8,800, ya fi abin da tashar wutar yawancin ƙananan garuruwan take bayarwa gaba ɗaya.

Wata dabara kuma, duba layukan da suke arewa da gaske ka tambayi me ya kai su. Kusan kullum amsar kaya ne masu nauyi. Layin Kiruna a Suwidin zuwa tashar ruwan Narvik a Norwe tamar ƙarfe ce ta gina shi tun farkon ƙarni na 20. Layin Sept-Îles zuwa Schefferville a Quebec ma tama ce, kuma tun 2005 jirgin fasinjan yana hannun kamfanin Tshiuetin mallakar 'yan asalin yankin, sunan yana nufin iskar arewa a harshen Innu. In taswira ba ta nuna maka ma'adini ko tashar jiragen ruwa a ƙarshen layin ba, to ba ta faɗa maka wa zai biya ba.

Sannan ƙasar tana da masu ita. Nunavut ma'anarta ƙasarmu, an kafa ta ranar 1 ga Afrilun 1999 bisa yarjejeniyar da Inuit, wato 'yan asalin yankin, suka ƙulla da gwamnati a 1993, kuma akwai hukumar da take tantance duk wani babban aiki. Da masu haƙar tama a Mary River, a tsibirin Baffin, suka nemi faɗaɗa aiki da layin dogo mai kilomita 110 zuwa bakin teku, mafarauta sun tare filin jirgin ma'adinin a farkon 2021 saboda tsoron abin da zai samu dabbobin da suke ci, barewar ƙanƙara da ake kira karibu da kuma dabbobin ruwa, daga baya a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa. Mutanen nan suna da dalilin ɗari-ɗari da duk wanda zai zauna daga nesa ya ja layi. Grise Fiord da Resolute ɗin nan da ake sa wa tasha, a 1953 gwamnati ce ta kwaso iyalan Inuit daga Inukjuak a Quebec da Pond Inlet ta ajiye su a can, nesa da duk abin da suka sani, suka sha yunwa da duhu, sai a 2010 aka nemi afuwarsu a hukumance.

Yanzu mu zo kan sunaye, wanda ni a wajena shi ne ɓangaren da ya fi daɗi kuma ya fi amfani. Ƙa'idata ita ce, duk sunan da ya ba ka dariya ko ya gagare ka faɗa, tsaya ka tambayi abu uku: da wane harshe ne, wa ya raɗa shi, kuma wajen yana da wani sunan? Kada ka jefa shi cikin manhajar fassara ka yarda da abin da ta ba ka, nemi shafin garin ko na hukumar sunayen wurare ta Kanada.

Ɗauki Grise Fiord ɗin. Sunan da harshen Norwe ne, ma'anarsa mashigin alade, wani matuƙi Otto Sverdrup ne ya raɗa saboda gurnanin wasu manyan dabbobin ruwa masu dogayen haure da ya ji ya yi masa kama da na aladu. Amma mazauna wajen Aujuittuq suke cewa, wato wajen da ba ya narkewa. Resolute sunan wani jirgin ruwan Ingila ne, Inuit kuma Qausuittuq suke kiransa, wajen da gari ba ya wayewa. Ivujivik, ƙauyen da ya fi kowanne arewa a Quebec, wanda yake daidai bakin mashigin Hudson inda mai zane zai so ya ɗora gadarsa, ma'anar sunan wajen da ƙanƙara take taruwa saboda ƙarfin igiyar ruwa. Ka gani ko? Tun kafin injiniya ya zo da na'urarsa sunan ya ba shi rahoto. Kinngait duwatsu ne masu tsawo, Kugluktuk wajen ruwa mai gudu, Pangnirtung wajen mazan karibu, Tuktoyaktuk abin da ya yi kama da karibu, Iqaluit wajen kifaye da yawa. Sunan baƙi yawanci labarin jirginsu ko ubangidansu yake ba ka, sunan 'yan ƙasa kuma labarin ƙasar. Gjoa Haven sunan jirgin ruwan wani matuƙi ɗan Norwe Roald Amundsen ne da ya yi hunturu biyu a wajen daga 1903, su kuwa masu gari Uqsuqtuuq suke cewa, wajen kitse mai yawa, saboda dabbobin ruwan da ake samu.

Wannan zai ba ka wani gwajin mai sauƙi, duba ko mai zanen da tsofaffin sunaye ya yi aiki. Frobisher Bay ta koma Iqaluit a 1987, Eskimo Point ta koma Arviat a 1989, Coppermine ta koma Kugluktuk a 1996, Repulse Bay ta koma Naujaat a 2015, Cape Dorset ta koma Kinngait a 2020, Tuktoyaktuk kuwa tun 1950 ta ajiye sunan Port Brabant. In ka ga tsohon suna to daga tsohuwar taswira aka kwafo. Kalmar Eskimo ɗin ma a Kanada an bar ta, Inuit ake cewa, mutum ɗaya kuma Inuk.

Su ma sunayen Turanci da Faransanci masu ban dariyar in ka tona za ka tarar da labari. Moose Factory ba masana'antar sarrafa dabba ba ce, kalmar Factory ɗin daga laƙabin wakilin kamfanin Hudson's Bay ta fito, mai kula da cinikin fatu, kuma an kafa wajen tun 1673. Garin a kan tsibiri yake a tsakiyar kogi, jirgin ƙasa daga Cochrane yana tsayawa ne a Moosonee bayan wajen kilomita 300 a awa biyar, mutane suna loda motoci da kwale-kwale da baburan ƙanƙara a kansa, daga nan da bazara a tsallaka a kwale-kwale, da hunturu a bi ta kan ƙanƙarar kogin da mota, lokacin da ƙanƙarar take kamawa ko take fashewa kuma sai helikwafta. Wannan shi ne sufurin arewa na gaske, kuma ban taɓa ganin taswirar layuka masu kala ta nuna shi ba. Yellowknife daga wuƙaƙen tagulla na mutanen Dene sunan ya samo asali. Whitehorse kumfar ruwan kogin Yukon ce da ta yi kama da gezar fararen dawakai. Flin Flon gajarta sunan wani jarumi ne a wani littafin ƙagaggen labari na 1905 da masu neman ma'adinai suka karanta. Heart's Content a tsibirin Newfoundland, sunan kamar a ce kwanciyar rai, nan ne aka fito da wayar tangarahu ta ƙarƙashin tekun Atlantika a 1866, kuma tsibirin gaba ɗaya an rufe layin dogonsa tun 1988.

Ka kuma sa ido ko an jawo suna ne kawai don ya ba da dariya. Saint-Louis-du-Ha! Ha! gari ne na gaske mai alamar motsin rai har biyu a sunansa, kundin Guinness ma ya shaida masa a 2017, kuma ha-ha ɗin tsohuwar kalmar Faransanci ce ta shingen da yake tare maka hanya ba zato, amma a kudu da kogin Saint Lawrence yake, ba ruwansa da arewa. Head-Smashed-In, wato inda kai ya fashe, ba gari ba ne ma, gaɓar dutse ce a kudancin Alberta inda 'yan asalin yankin suka yi dubban shekaru suna koro ɓaunayen daji su faɗo, UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi a 1981. Snag a Yukon ya yi suna ne saboda sanyin digiri 63 ƙasa da sifili da aka auna ranar 3 ga Fabrairun 1947, yanzu kusan kufai ne. Tafkin Pekwachnamaykoskwaskwaypinwanik na Manitoba mai harafi 31, da harshen Cree ne, yana bayanin wajen da ake kama wani kifi da ƙugiya, tafki ne ba tasha ba. In ka ga irin waɗannan sun jeru a layi ɗaya to sunaye mai zanen ya bi, bai bi mutane ba.

To in kai ma hannunka yana ƙaiƙayi kana so ka zana taka, bismillah, ni ma ina yi. Rubuta a sama ɓaro-ɓaro cewa zanen buri ne, don da zarar ta bar wayarka ba ka da iko da abin da za a ce a kanta. Yi amfani da taswirar da ba ta kumbura arewa ba, sa ma'aunin nisa a ƙasa. Kusa da kowane ɗigo rubuta yawan mutanensa. Sa sunan da masu garin suke kira da ma'anarsa, ka duba harafi-harafi, musamman harafin q ɗin nan, don a Inuktitut, harshen Inuit, sauti ne daban da k, kuma kada ka ƙara u a bayansa yadda Turanci ya saba, Iqaluit ake rubutawa. Bambanta abin da yake akwai da abin da kake fata, kowanne da kalarsa. Kafin ka ja layi zuwa wani gari kuma nemi abin da shugabanninsa suke roƙo, za ka ga maganar gidaje ce saboda cunkoso, da tarin fuka, da ruwan sha, a 2021 ma sai da aka hana mutanen Iqaluit shan ruwan famfo kusan wata biyu saboda mai ya shiga ciki, da tsadar abinci da tikitin jirgi, da tashar jiragen ruwa mai zurfi irin wadda Iqaluit ta samu a 2023.

A tawa taswirar da nake ta gyarawa, jan layi mai tsinke-tsinke ya taso daga Toronto ya tsaya a birnin Quebec, baƙaƙen layuka sun hau zuwa Churchill da Moosonee da Schefferville, layi mai ruwan ƙasa ya bi titin Dempster zuwa Inuvik ya ƙarasa Tuktoyaktuk. Daga nan zuwa sama sai siraran layukan jirgin sama da shuɗayen layukan jiragen ruwan bazara, can a saman takardar kuma ɗigo ɗaya da na rubuta wa Aujuittuq, mutum 144.